Baƙi na yabo, fadama na mutuwa: yadda wani ofishin gandun daji a Amurka ya auna aikin jagorori

Wurin da tsarinsa

Lamarin ya faru ne a wani yanki na gandun dajin gwamnatin tarayya a arewacin tsaunukan Rocky, a yammacin Amurka. Ofishin da ke kula da yankin reshe ne na Hukumar Gandun Daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1905 a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, take kuma riƙe da fili kimanin eka miliyan 193. Babban ɓangaren yankin yana ƙarƙashin Dokar Kare Ƙungurmin Daji, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Satumba, 1964. A irin wannan daji mota ba ta shiga, babur ba ya shiga, ko keke ba a yarda da shi ba. In itace ya faɗi ya tare hanya, da zarton hannu ake yanka shi, don an hana zarton inji. Mai shiga ko dai ya taka da ƙafa ko ya hau doki, kayansa kuma a bayansa ko a kan alfadari.

Dokar ta hana kasuwanci a cikin dajin, amma ta bar ƙofa guda: an yarda da hidimar kuɗi daidai gwargwadon abin da ya zama dole don jama'a su amfana da wurin. Ta wannan ƙofa jagorori ke shiga. Su ne masu dawaki da alfadarai da tantuna da ke ɗaukar baƙi, su kai su kamun kifi a tafkunan kan duwatsu da bazara, da kaka kuma su kai mafarauta neman babbar barewar nan da ake kira elk. Kowannensu yana aiki da takardar izini. Bisa ƙa'idojin da hukumar ta sabunta a 2008, izinin mai dogon zango yana iya kai wa shekara 10. Ana ƙidaya aikin da ranakun hidima, wato baƙo ɗaya a yini ɗaya rana ɗaya ke nan, kuma yawanci mai izini yana biyan gwamnati kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya samu. A ƙarshen kowace shekara ofishi yana ba shi ɗaya daga maki uku: aikinsa ya gamsar, ko yana matakin jan kunne, ko bai gamsar ba. Wanda ya maimaita faɗuwa ana iya dakatar da izininsa ko a soke shi.

Masu izini 5 ne a yankin. Biyu daga cikinsu su ne wannan nazari ya fi shafa. Ɗaya yana da sansani a wata fadama a bakin tafki, tafiyar yini 2 a kan doki daga inda hanyar mota ta ƙare. Ɗayan dattijo ne da ya kafa nasa sansanin a kan tudu, nesa da ruwa. Jami'ar da ke kula da takardun izinin ba ta daɗe da karɓar aikin ba lokacin da abin ya taso.

Shekara ta farko, Yuli zuwa Oktoba

A wannan yanki dusar ƙanƙara ba ta barin mashigan tsauni sai wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, shi ya sa lokacin aikin gajere ne. A watan Agusta wasu matafiya biyu masu yawon kansu, waɗanda ba su ɗauki jagora ba, suka rubuto wa ofishin. Sun ce sun tarar da dawaki ɗaure a jikin itatuwa dab da tafkin, kashin dabbobi har bakin ruwa, buhunan abincin dawaki kuma a ƙasa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, don dajin gidan beyar ne, wata babbar dabbar daji mai haɗari, kuma umarnin da ke aiki a wurin shi ne a sa abinci a akwatin da beyar ba ta iya buɗewa, ko a rataye shi ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin itacen. Beyar da ta saba da abincin mutane takan dawo, ƙarshenta kuma sau da yawa harbi ne.

Jami'ar ta ɗauko fayil ɗin mai sansanin bakin tafki. Shekara da shekaru makinsa ɗaya ne: ya gamsar. Da ta duba abin da aka dogara da shi, sai ta ga duk takarda ce. Inshora tana nan, an biya kuɗi a kan lokaci, rahoton yawan baƙi ya iso, shaidar horon agajin gaggawa ba ta ƙare ba. Ba ta ga alamar wani ma'aikaci ya je sansanin a lokacin da baƙi ke ciki ba. Da aka kira mutumin, ya zo da tarin wasiƙun godiya daga baƙinsa, wasu har da hotunan 'ya'yansu a kan dawakinsa. Ya ce masu ƙorafin ba sa son ganin doki a daji ne kawai, kuma maganarsa ba ta rasa tushe ba, domin saɓani tsakanin masu tafiya a ƙafa da masu dabbobi tsohon abu ne a dazukan yammacin Amurka.

Ofishi ya tsinci kansa da wasiƙa ɗaya a hannun dama, tarin wasiƙu a hagu, babu abin da ya gani da idonsa. Shugaban ofishin ya kawo shawarar a tambayi baƙin dukkan masu izinin a tsare, a ji ta bakinsu.

Shekara ta biyu: kati a hannun jagora

Aka buga ƙaramin kati mai tambaya 3. Yaya ka ji daɗin tafiyar gaba ɗaya, yaya ka ga aikin jagoranka, za ka ba wani shawarar ya zo. Amsa daga 1 zuwa 5. Aka raba wa masu izini, aka ce su ba baƙi a ranar ƙarshe, su tattara su kawo a watan Nuwamba. Tsarin ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar ma'aikaci ko ɗaya ya bar kujerarsa.

Katunan da suka dawo kusan dukkansu 5 ne. Mai sansanin bakin tafki shi ya fi kowa maki, shi ya fi kowa kawo katuna. Dattijon kan tudu shi ne a ƙasa, kodayake nasa ma galibi 4 ne da 5. Wani mai izini ɗaya 'yan kaɗan ya kawo, ya ce sauran ruwan sama ya jiƙa su.

Jami'ar ta zauna ta jera katunan da kwanan watan kowace tafiya, sai wasu abubuwa suka fara fitowa. Katunan mafarautan da suka samu nama duk 5 ne, ko wane ne jagoran. 'Yan makin da suka sauka sun taru ne a makon da aka yi ta ruwa da sanyi, da kuma makonnin Agusta da aka hana hura wuta saboda fargabar gobarar daji. Ta kuma gano lokacin da ake cika katin: a bakin hanya, ana sauke kaya daga alfadarai, a daidai sa'ar da baƙo ke miƙa wa jagora tukuici. Mutumin da ya dafa maka abinci kwana 6, ya ɗora ka kan doki, ya ɗaure maka ƙafa da ta yi kanta, shi ne tsaye a gabanka yana jiran ka miƙo masa katin. Duk wanda ya san kara ya san abin da za a rubuta. Ga shi kuma jagoran ne ke zaɓar wanda zai ba, shi ne kuma ke kawo abin da ya dawo.

Ta leƙa shafukan intanet da baƙi ke rubuta ra'ayinsu, ta tarar da abu ɗaya: yabo a kan abinci, kyan wuri da halin jagora. Ba wanda ya ambaci inda aka ɗaure doki.

Hunturun shekara ta biyu: doka ta tare hanya

Da rahoton katunan ya isa ofishin shiyya, aka dawo da tambayar da ba wanda ya yi tunaninta: ina lambar amincewa? A Amurka akwai Dokar Rage Yawan Takardu, ta 1980, wadda aka sabunta a 1995. Ta ce duk hukumar tarayya da za ta yi wa mutum 10 ko fiye tambayoyi iri ɗaya sai ta samu amincewar Ofishin Gudanarwa da Kasafin Kuɗi na fadar shugaban ƙasa. Sai an buga sanarwa a mujallar gwamnati an jira ra'ayin jama'a kwana 60, a sake buga wata ta kwana 30, sannan a ba da lamba da za a sa a jikin takardar. Amincewar ba ta wuce shekara 3. Ba a kuma kauce wa dokar ta hanyar sa jagorori ko wata makarantar jami'a su raba takardar, muddin hukumar ce ta ɗauki nauyin tambayar. Katunan ba su da lamba, don haka aka ajiye su gefe, ba za a gina wani hukunci a kansu ba.

A wannan hunturun ne wani mai binciken zamantakewa na hukumar ya nuna wa jami'ar cewa abin da ta gani an daɗe da saninsa. A kogin Colorado da ke ratsa Grand Canyon, masu bin kogin sun tashi daga kimanin 2,100 a 1967 zuwa fiye da 16,000 a 1972. Hukumar wurin ta sa aka yi bincike a tsakiyar shekarun 1970, inda Bo Shelby da Joyce Nielsen suka duba ko cinkoso na rage jin daɗin matafiya. Suka tarar kusan babu alaƙa tsakanin yawan mutanen da matafiyi ya ci karo da su da makin gamsuwar da ya bayar. Yawancin masu zuwa karon farkonsu ne, ba su da abin kwatance. Sun kashe kuɗi mai yawa, sun daɗe suna jira. Waɗanda canjin wurin ya dame su kuwa sun riga sun daina zuwa, ba sa cikin waɗanda ake tambaya.

Ofishi ya yanke shawara biyu. Za a nemi amincewa ta hanyar da doka ta tsara, da sabbin tambayoyi. Kafin ta fito kuma za a je a gani da ido, tun da dubawar ma'aikaci ba ta buƙatar lambar kowa.

Shekara ta uku: zuwa sansani

Tsakanin Yuli da Satumba jami'ar da wani ma'aikacin daji suka ziyarci sansanonin duka 5, kowanne a lokacin da baƙi ke ciki. An sanar da masu izini cewa za a zo, ba a faɗa musu rana ba. Abin da aka auna kaɗan ne: tazarar tantuna da dabbobi daga ruwa, faɗin ƙasar da ciyawa ta mutu a kanta, yawan itatuwan da igiya ta cinye ɓawonsu ko kofato ya tone saiwarsu, da yadda ake ajiye abinci. Aka kafa wuraren ɗaukar hoto don a maimaita daga wuri guda kowace shekara.

A bakin tafki, tantunan baƙi suna cikin ƙafa 200 da tsarin aikin mai sansanin ya ce a bari tsakanin sansani da ruwa, wato kusan mita 60. Dawaki suna kwana ɗaure a jikin itatuwa, kowane itace da rami zagaye da gindinsa. Abincin mutane yana cikin akwatunan ƙarfe yadda ya kamata, amma hatsin dawaki yana ƙasa a ƙarƙashin tamfol. Baƙin kuwa suna cikin farin ciki na gaske. Suna buɗe tanti da safe su ga ruwa a gabansu, su jefa ƙugiya tun kafin a dafa kofi.

A kan tudu, dattijon ya miƙa doguwar igiya tsakanin itatuwa biyu, da ɗamara mai faɗi don kada ta ci ɓawo, a nan dawaki ke kwana a kan ƙasa mai tauri. Baƙinsa sai sun taka 'yan mintoci kafin su isa ruwa. A ranar da aka je an hana wuta, bai hura ba, ya yi girki da risho. Wata baƙuwa ta shaida wa jami'ar da kanta, ba a tambaye ta ba, cewa ya juyo da su kafin su kai ƙololuwar dutse saboda hadari ya haɗo da rana tsaka, kuma ba ta ji daɗin hakan ba.

Shekara ta huɗu: sabuwar takarda

Amincewa ta fito kafin lokacin aiki. A taron da aka saba yi da masu izini a watan Mayu aka karanta musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma taron ya yi zafi. Babban abin da suka ƙi shi ne ba da jerin sunayen baƙinsu, domin wannan jerin shi ne jarinsu, shekaru suka yi suna tara shi. Suka kuma ce mai baƙi kaɗan mutum ɗaya mai fushi zai iya kayar da shi. Aka daidaita a kan abubuwa huɗu. Ma'aikacin wucin gadi ne zai tari baƙi a bakin hanya ya nemi adireshin wanda ya yarda, a goge shi bayan an gama. Ba za a buga jerin wane ya fi wane ba. Kowane mai izini zai ga nasa sakamakon kaɗai. Kuma amsar baƙo ba za ta sauke makin kowa ba sai ma'aikaci ya tabbatar da abin a fili.

Ana aika takardar mako 2 bayan tafiya, ta imel ko ta gidan waya, a bi ta da tuni sau 2, irin tsarin bibiya da Don Dillman na Jami'ar Jihar Washington ya shahara da shi tun 1978. An bar tambayar gamsuwa guda ɗaya a ƙarshe. Sauran duk a kan abin da baƙo ya gani ne. Ina dawaki suka kwana: a jikin itace, a doguwar igiya, ko a cikin shinge? Taki nawa ne daga tantinka zuwa ruwa? Ina aka ajiye abinci da dare? An yi muku bayanin hawa doki kafin ku tashi? An nuna muku yadda ake amfani da feshin korar beyar? Ku nawa ne a tafiyar? An faɗa muku dokokin dajin tun kafin ku biya kuɗi?

Ba kowa ya amsa ba, kuma mafarautan kaka sun fi masu bazara yin shiru. Amma amsoshin da suka zo daga kowane sansani sun yi daidai da juna. Makin gamsuwa bai motsa ba, yana nan a sama. Baƙin bakin tafki suka rubuta da murna cewa taki kaɗan ne zuwa ruwa, dawaki kuma a jikin itatuwa kusa da tanti, ba tare da sanin cewa saɓa sharaɗi suke bayyanawa ba. Wannan ya tabbatar da cewa abin da jami'ar ta gani a rana ɗaya haka yake duk tsawon lokacin.

Takardar ta kuma kamo abin da ziyara ba ta kama ba. A wurin wani mai izini na uku, wanda sansaninsa ba shi da aibi, baƙin tafiye-tafiyen da wani mataimaki ya jagoranta sun ce ba a yi musu bayanin doki ko na beyar ba, alhali na maigidan sun ce an yi. Dattijon kan tudu ma bai fita babu laifi ba. Yawancin baƙinsa sun ce ba su san za a iya hana wuta ba, ba su san sansanin yana nesa da ruwa ba, sai da suka iso.

Ƙarshen shekara ta huɗu da shekara ta biyar

An rubuta wa mai sansanin bakin tafki tun watan Agusta, aka lissafa masa abin da zai gyara, aka ba shi wa'adi. Ya ɗaga hatsin dawaki, amma bai motsa tantuna ba, yana cewa baƙin da suka riga suka biya bakin ruwan suka saya. A ƙarshen shekara aka sa shi a matakin jan kunne. Yana da damar ɗaukaka ƙara, bai yi ba. Da bazarar shekara ta biyar shi da ma'aikatan daji suka zaɓi wani wuri mai tauri bayan ƙafa 200, ya koma can, ya miƙa doguwar igiya. Makin gamsuwar baƙinsa bai sauka ba, domin sabbin baƙi ba su san tsohon wurin ba. A ƙarshen shekarar ya koma sahun waɗanda aikinsu ya gamsar.

Mai izini na uku ya rubuta bayanin tashi a kati guda, ya wajabta wa kowane mataimaki karanta shi. Dattijon ya sauya wasiƙar da yake aika wa baƙi kafin su zo, ya faɗi batun wuta da nisan ruwa da ikonsa na juyowa in hadari ya taso. Ƙorafin da ake yi a kansa ya ragu.

A hotunan bakin tafki na shekara ta biyar ciyawa ta fara tsirowa a gefen wurin da ya mutu, tsakiyarsa kuma har yanzu ƙasa ce tsirara. A irin wannan tsayi lokacin tsiro 'yan makonni ne a shekara. Itatuwan da igiya ta zagaye ɓawonsu wasu sun riga sun bushe.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina kuskuren farko yana cikin tambayar kanta. Baƙo ya sayi hutu, kuma shi ne mafi cancantar faɗin ko ya same shi. Takardar izini kuwa alkawari ce tsakanin jagora da jama'ar ƙasa a kan ruwa da itace da dabba da lafiyar mutane, kuma baƙo bai taɓa karanta ta ba. Wani lokacin ma abubuwan biyu karo suke yi: tanti a bakin ruwa yana ƙara maki, kashe wuta yana rage shi. Da ofishin ya bi katunan shekara ta biyu, da ya saka wa mai saɓa sharaɗi, ya tsawata wa mai kiyaye shi, kuma da sauran jagorori sun gane darasin cikin shekara guda. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a lamarin, domin ba wanda ya yi ƙarya a cikin katunan.

Sabuwar takardar ta yi aiki ne saboda ta ɗauki baƙo a matsayin shaida. Yana wurin dare da rana, a ranakun da ma'aikaci ba zai taɓa zuwa ba, kuma faɗin inda doki ya kwana ba ya sa shi jin ya ci amanar wanda ya ciyar da shi. Fitar da jagora daga tsakiyar rabon takardar da jinkirin mako 2 sun taimaka, amma ba na tsammanin za su wadatar da an ci gaba da tambayar jin daɗi kaɗai. Sharaɗin tabbatarwa a fili shi ya sa masu izini suka yarda, shi ne kuma ya sa makin jan kunnen ya tsaya ba tare da shari'a ba.

Ina ganin laifin ofishin ya fi na mai sansanin bakin tafki nauyi. Shekaru aka yi ana ba shi shaidar ya gamsar ba tare da an je ba, ya gina kasuwancinsa a kan haka, sannan aka zo masa da jan kunne.

Akwai gurbin da har yanzu ba a cike ba. Mutanen da suka fara tona matsalar matafiya ne masu yawon kansu, kuma takardar ba ta zuwa hannun irinsu, sai wanda ya ga dama ya rubuto. Jami'ar ta sa tambayoyi 4 dominsu a cikin takardar neman sabunta amincewa, wadda dole ta shiga tun kafin shekara 3 ɗin su cika. Ko za a raba su ya danganta da samun kuɗin ɗaukar ma'aikacin da zai tsaya a bakin hanya daga Yuli zuwa Oktoba.